Shin haɗa lakar najasa da kwal a tanderu yana ƙara hayaƙin naitirojin?

Ɗalibar Injiniya:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal tare da lakar da ke kwantawa bayan an tace ruwan najasa. Busasshiyar lakar takan ɗauki naitirojin kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, shi kuwa kwal da wuya ya haura kashi 2. Ashe ke nan dole NOx, wato hayaƙin naitirojin mai gurɓata iska, ya ƙaru gwargwadon lakar da aka zuba?

Mai Kula da Tanderu:
Wa alaikumus salam, Malama. Lissafin ba ya tafiya a miƙe haka. Naitirojin lakar yana cikin furotin ne, kuma da zarar zafi ya taɓa ta sai yawancinsa ya fice da wuri a matsayin amoniya. Idan amoniyar ta tarar da iska mai yawa sai ta koma NO, wanda yake ɗaya daga cikin nau'o'in NOx, amma idan iskar ta yi ƙaranci, amoniyar ce ke cinye NO ta mayar da shi naitirojin irin wanda muke shaƙa. Ai amoniya ko yuriya ake fesawa da gangan domin rage NO. Shi ya sa ake raba iskar biyu, a taƙaita ta a ƙasa, a cika ragowar daga sama.

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ne, Malam, sai dai ni N2O, wani hayaƙin naitirojin na daban da shi ma ke fita daga tanderu, ya fi tayar mini da hankali, domin ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar CO2 kusan sau 270 a tsawon shekara 100. A tanderun da iska ke tafasa yashi, zafin yakan tsaya tsakanin digiri 800 da 900, inda N2O ke samun wurin zama. Lakar da aka matse kawai ba a busar ba, kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, tana shiga za a ga ma'aunin zafi ya sauka, na N2O kuma ya hau.

Mai Kula da Tanderu:
Haka ne, kuma idan aka ɗaga zafin ya haura digiri 900, N2O na rushewa amma NO na ƙaruwa. Ki kuma lura, Malama, farar ƙasar da ake zubawa don kama farar wuta tana ingiza amoniya ta koma NO, saboda haka a auna hayaƙin duk lokacin da aka sauya yawanta.