Muhawara: shin kalmar "solo" tana ɗaukar tilde?

Hadiza: Assalamu alaikum. Jiya malamarmu ta Sifaniyanci ta sa jan biro ta soke tilde, wato 'yar sandar da na ɗora a kan "sólo". Ni kuwa littafin da na fara koyo da shi haka ya ce: "sólo" idan ana nufin "kawai", "solo" idan ana nufin mutum shi kaɗai. Ina nan a kan bakana, ban yi kuskure ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Littafin naki ya girmi 2010. A shekarar ce RAE, hukumar harshen Sifaniyanci da aka kafa a Madrid tun 1713, ita da takwarorinta na sauran ƙasashe, suka fitar da sabon kundin ƙa'idojin rubutu, suka ba da shawarar a daina sa tilde a kan "solo", haka ma "este" (wannan) da "ese" (wancan). Kuma suna da hujja. Kalmar da nauyin furucinta yake kan gaɓar da ke kafin ta ƙarshe, in ta ƙare da wasali ko n ko s, ba ta ɗaukar alama: casa, joven, lunes. Sai in ta ƙare da wani baƙin daban, kamar árbol da lápiz. "Solo" 'yar gidan su "casa" ce.

Bashir: To Malam, "tú" (kai) da "tu" (naka) fa? "Él" (shi) da "el" (mai rakiyar suna)? Ai don a raba ma'ana aka sa musu.

Malam Sani: Bashir, furta "tu casa" da ƙarfi, sannan ka furta "tú sabes". Ta farko jingina take yi da kalmar gabanta, ba ta da nauyin kanta. Ta biyu tsaye take da ƙafarta. Alamar tana nuna abin da kunne ke ji. "Solo" kuwa, ko wace ma'ana ka nufa, furucin ɗaya ne.

Bashir: Kunne na mai sauraro ne, Malam, ni saƙo nake karantawa. A gonar tumatir da nake aiki nan Almeriya ta ƙasar Sifen, mai gona ya taɓa turo mini "Ven solo el lunes". Da ni da ƙanena muke masa aiki. Na ɗauka cewa ya yi in zo ni kaɗai ran Litinin, na bar yaron a ɗaki. Ashe nufinsa a zo ran Litinin kawai, babu aiki sauran ranaku. Wuni ɗaya ke nan a makon, kuma ƙanena ya rasa kuɗinsa. Har yau abin yana cina. Da ya sa wannan 'yar sandar, da ban bar shi ba.

Hajiya Rabi: Allah ya mayar da alheri, ɗana. Amma da ya rubuta "solamente", wato "kawai", ai da magana ta ƙare. Kalmar tana nan, ba ta da ma'ana biyu. Mu ma muna rubuta "gari" na tuwo da "gari" na sarki iri ɗaya, ba mu sa alamar karin sauti ko tsawon wasali, jimla ce ke raba mana.

Hadiza: Hajiya, amma muna faɗa da masu rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa".

Malam Sani: Muna faɗa don k da ƙ sauti biyu ne. Irin wannan a Sifaniyanci shi ne papa da papá, dankali da uba, ko termino da terminó, "ina gamawa" da "ya gama". Waɗannan ba wanda ya taɓa cewa a cire musu.

Bashir: Su kansu 'yan hukumar ba su daidaita ba. Marubuci Arturo Pérez-Reverte ɗan cikinta ne, kuma ya yi ta bayyana cewa ba zai bar "sólo" ba. A watan Maris na 2023 sai da suka sake zama a kan kalmar nan.

Malam Sani: Haka ne, kuma abin da suka tsayar shi ne: inda babu ruɗani, ba a sa alama. Inda marubuci ya ga za a iya yi masa wata fahimta, yana iya sawa, ba dole ba. Masu son tilde suka ce sun ci, hukuma ta ce ƙa'ida ba ta canja ba, fayyace ta aka yi. Hadiza, wace jimla aka soke miki?

Hadiza: "Sólo tengo un hermano." Ɗan'uwa ɗaya kawai gare ni.

Malam Sani: To a nan malamarki ce da gaskiya. Babu mai karanta ta wata fuska daban.

Hadiza: Wannan na karɓa. Amma ran Alhamis zan rubuta mata jimlar Yaya Bashir a allo da tilde ɗinta, in ji me za ta ce.

Bashir: Ki rubuta. Ni dai tun ranar, in ya turo "solo", sai na kira shi na ji daga bakinsa kafin in tashi ƙanena.