Kuɗin fito ne ko tara?

Mai Odar Kaya: Jama'a, abin nan ya kai ni maƙura, yau sai na amayar. Kasuwancin ƙetare iyaka ya koma caca. Ɗan kasuwa zai yi lissafinsa a kan kuɗin fito kashi 10, ya biya masana'anta, kaya su hau jirgin ruwa, kafin su sauka an wayi gari an mai da shi kashi 25. Wa ya yi shawara da shi? A Amurka daga 2016 ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya riƙa shiga ba a biya ko sisi ba. Ran 2 ga Mayun 2025 aka soke wa kayan Sin da Hong Kong wannan rangwame, ran 29 ga Agusta aka soke wa kowa da kowa. Tarayyar Turai ta riga su, tun 1 ga Yulin 2021 ta cire rangwamen harajin VAT a kan kayan da ba su wuce yuro 22 ba. To mai aika ƙunshin dala 60 yaya zai yi da kuɗin cika takardun kwastan? Wannan tarar da ake ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa ita za ta kore su ta bar wa manyan kamfanoni fili. Mai ja ya zo.

Baba Ejan: Ga ni na zo. Ɗana, wace tara? Tara sai an yi laifi. Kuɗin fito kuwa ko waliyyi ne ya shigo da kaya sai ya biya. In kana son ganin tara ta gaske, ka sayi kayan dala 10,000 ka rubuta 4,000 a takardar farashi, ko ka manna wa kaya lambar rukunin kwastan da ba tasu ba. A nan ne kwastan za su karɓi cikon kuɗinsu, su ɗora tara a kai, a wata ƙasar ma su ƙwace kayan.

Mai Odar Kaya: Baba, da girmanka, ni ba ƙamus na zo buɗewa ba. Kuɗi ya fita daga aljihun wanda bai ji ba bai gani ba, ka raɗa masa sunan da ka ga dama.

Ƙanin Kowa: Ni kam ina bayan mai magana. Tara ce. A 2018 da Amurka ta ɗora kashi 25 a kan ɗimbin kayan Sin, ai ba don neman kuɗin shiga ta ce ta yi ba, cewa ta yi Sin na cutar ta a harkar fasaha. A Oktoban 2024 Tarayyar Turai ta ƙara wa motocin lantarki na Sin kuɗi bisa kashi 10 ɗin da ake biya dama, kamfanin BYD kashi 17, kamfanin SAIC kashi 35.3, saboda tallafin da gwamnatin Sin ke ba su. An zarge ka, an bincike ka, an yanka maka kuɗi. In wannan ba tara ba ce, sadaka ce?

Baba Ejan: To wa ya biya? Masana'antar? Wanda sunansa ke kan takardar shigo da kaya shi kwastan suka sani. Ka taɓa ganin tarar da aka ci mai laifi, maƙwabcinsa ya biya?

Ƙanin Kowa: Ai ka ga ta fi tara muni ke nan.

Hajiya Mai Lissafi: Ku dai kun bar jaki kuna dukan taiki. Ku sa ido ga yadda kuɗin ke hawa kan juna, don a nan mutane ke faɗuwa. A ce kaya dala 10,000, dako 1,500, inshora 100. Ƙasashen Turai da galibin duniya a kan jimillar nan suke lissafi, wato 11,600. Kuɗin fito kashi 10 ya zama 1,160. VAT kuma ba a kan 11,600 ake sa shi ba, a kan 12,760 ne, kaya da dako da kuɗin fiton duka. In kashi 20 ne, 2,552 ke nan. Yanzu a ɗaga kuɗin fito zuwa kashi 25: ya zama 2,900, VAT ya bi shi ya zama 2,900. Mutum na zaton 1,740 aka ƙara masa, ashe 2,088 ne zai nemo kafin a saki kwantenarsa. Amurka ita ba ta haɗa dakon teku da inshora a ƙimar kaya, a kan 10,000 ɗin take yanka nata.

Malam Ɗan Teku: Hajiya, gyara kaɗan. Wanda ya yi rajistar VAT yana cire nasa daga baya, don haka 348 ɗin da VAT ya ƙaru da shi ba asara ba ce.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, daga baya ka ce. Kafin daga bayan nan ta zo, da me zai sake yin oda? Jarin da ya kwanta wata biyu ko uku a hannun hukuma, ƙaramin ɗan kasuwa ne kawai ya san zafinsa.

Malam Ɗan Teku: Wannan haka ne. Amma batun kaya suna kan ruwa aka canza doka, a san cewa ba ranar lodi ake dubawa ba. Ranar da kwastan suka karɓi takardar bayanin kaya ita ke yanke kason kuɗin fiton da za a biya. Wani lokaci sanarwar kan ware kayan da suka riga suka bar tasha, amma sai an rubuta hakan ƙarara, kuma da wa'adinsa. Tun ƙarshen 2023 da jirage suka riƙa kauce wa Bahar Maliya suna zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kamar kwana 10 ko fiye, to tazarar da doka za ta iya canzawa a cikinta ma ta ƙaru. Mai ƙarfin hali sai ya kai kayan rumbun da ke ƙarƙashin kulawar kwastan, ba ya biya sai ranar fitarwa. Kuɗin ajiya dai na tafiya, kuma in kuɗin fiton ya ƙara hawa shi ya jawo wa kansa.

Baba Ejan: Ɗan Teku, tunda ka buɗe baki, ka gaya musu su wa ke sayar wa mutane farashin "komai a ciki".

Malam Ɗan Teku: Baba, a bar tone-tone.

Baba Ejan: Ba za a bari ba. Sharuɗɗan Incoterms na 2020, masu raba nauyi tsakanin mai saye da mai sayarwa, guda 11 ne, amma mutane biyu suke ruɗewa a kai. DAP, mai sayarwa ya kai kaya har wurinka, kuɗin fito naka ne. DDP, shi zai biya har kuɗin fiton. Masu dako su ce wa mutum DDP a farashi mai araha, sai a haɗa kayan mutum 30 a kwantena ɗaya da sunan wani kamfani da ba wanda ya sani, a rage ƙima. Ranar da kwastan suka buɗe, kayan kowa ya tsaya, kuma ba mai takardar da ke nuna nasa ne ya shigo da su. Sannan a ce ejan mai fitar da kaya a kwastan ne azzalumi.

Malam Ɗan Teku: Su kuma ejan mala'iku ne? Wa ke zaɓar lambar kaya? Lambar HS, wato lambar rukunin kaya ta Hukumar Kwastan ta Duniya, alƙalumanta shida na farko kowa ya yarda da su, daga nan Turai ta kai ta takwas zuwa goma, Amurka goma. Masana'anta ta turo lambar ƙasarta, ejan ya kwafe ba tambaya. Ɗauki rigar tishat. Ta auduga 6109.10 ce, a Amurka kashi 16.5. Ta zaren roba tana ƙarƙashin 6109.90, kashi 32. Zaren da ya fi nauyi a jikin rigar shi ke yanke hukunci. Auduga 55, roba 45, ta tafi a auduga. In rabi da rabi ne, ƙa'ida ta tura ta lambar da ke ƙarshe, wato mai tsadar. Ejan nawa ne ke neman takardar gwajin yadi kafin ya cika fom?

Baba Ejan: Ejan nawa ne ake ba shi takardu kafin jirgi ya iso? Sai kaya sun sauka a turo hoton takarda a waya, rabinta ba ta karantuwa.

Ƙanin Kowa: To kuɗin da ake biya in kwantena ta wuce kwanakinta a tasha fa? Shi ma ba tara ba ne, Baba?

Baba Ejan: Damarej ba na kwastan ba ne, na kamfanin jirgi ne. Ana ba ka 'yan kwanaki kyauta, in suka ƙare kwantena na cikin tasha, kullum da kuɗinsa, kuma yana ƙaruwa mataki-mataki. In ka fita da ita ka ƙi dawo da fankon a kan lokaci, wannan wani kuɗin ne daban. Haya ce.

Ƙanin Kowa: Hayar da ke ninkuwa don ka makara? Sunanta tara.

Hajiya Mai Lissafi: Yaron nan ko kuɗin makaranta aka ce ya biya cewa zai yi tara ce.

Ɗan Gajeriyar Hanya: Ni ban ga abin wahala ba. A bi da kayan ta Biyetnam ko Malesiya, a canza kwali, shi ke nan.

Malam Ɗan Teku: Ɗan'uwa, kai ne za ka sa Baba ya yi gaskiya. Kwastan ba tashar da kaya suka taso suke tambaya ba, inda aka ƙera su suke tambaya. Canza kwali, manna tambari, ko raba kaya ƙananan ƙunshi ba ya canza asali. Sai an yi musu aikin da ya mai da su wani abu daban, wanda a yarjejeniyoyi da yawa ake auna shi da canjin lambar HS ko kason ƙimar da aka ƙara a ƙasar. Takardar asali ta bogi kuwa, ko kaya sun fita an sayar, ana iya dawowa bayan shekaru a bincika littattafanka.

Baba Ejan: Yau dai Ɗan Teku ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar.

Malam Ɗan Teku: Ban janye maganar lambar kaya ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An tabbatar kuɗin fito ba tara ba ne, kamar yadda Baba ya yi bayani da hujja tun farko. An kuma gane cewa yawancin asarar daga masu dako take, da farashinsu na "komai a ciki", da kuma 'yan kasuwar da ba sa kawo takardu da wuri. Zargin da aka yi wa ejan ba a kawo masa shaida ba. Hajiya mun gode da lissafi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Malam Ɗan Teku: Ranka ya daɗe, 6109.10 da 6109.90 ba shaida ba ce? Ko don ofishinku ɗaya da Baba?

Mai Odar Kaya: Ni da na kawo maganar ko sunana ba a ambata ba. Tambayata ita ce mai aika ƙunshin dala 60 yaya zai yi da kuɗin cika takardu da manyan kamfanoni ke rabawa a kan kwantena guda. Har yanzu ba wanda ya taɓa ta.

Ƙanin Kowa: Kuɗin cika takardun ma tara ce.