Dan Allah furoton ɗin nan me ya kawo shi cikin maganar?

Ɗan Marwa:
Salam 'yan uwa. Ina master 1 a kimiyyar sinadarai, malam ya bani ekspoze ranar Alhamis akan molekul ɗin da ake ɗaure mai bada elektiron da mai karɓa da gada a tsakaninsu, haske ya bugi ɗaya elektiron ya tsallaka. Nan na gane. Sai takardar ta shigo da furoton wai shima tafiya yake, wlh tun jiya nake kanta da fitilar waya don an ɗauke kuran, kaina har ya ɗau zafi. Me ya kai furoton ciki, kuma in malam yace ta yaya aka san ya motsa me zan ce?

Yaya daga Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye lissafin tukuna ka kalli ganye. A Fotosistem na 2, wato sashen ganye da ke kama haske ya raba ruwa, haske na bugun kulorofil ɗin da ake kira P680 ya saki elektiron, sai ya rage da rami, tirozin, wani amino asid dake kusa da shi, shi ne ke cike ramin da nasa elektiron. To shi tirozin fenol ne, pKa ɗinsa, wato ma'aunin yadda yake riƙe furoton, wajen 10, amma da zarar ya rasa elektiron sai ya faɗo wajen -2, ya zama asid mai ƙarfin da ba zai iya riƙe furoton ɗinsa ba, shi yasa histidin, wani amino asid mai karɓar furoton, ke zaune gefensa hannu a buɗe. Elektiron yayi gabas furoton yayi yamma, kuma in sun tashi tare molekul bai tsaya a wancan matsayin mai tsadar makamashi ba. Masu haɗa molekul a labo abinda suke kwaikwaya kenan, su liƙa fenol da wani bes, wato mai karɓar furoton, kusa da shi.

'Yar Ngaundere:
Tambayarka ta biyu amsarta dutariyom, wato haidurojin mai nauyi. Furoton ya fi elektiron nauyi sau 1836, dutariyom kuma ya ninka furoton kusan sau 2, saboda haka ana sake awon da D2O, ruwan da dutariyom ya maye gurbin haidurojin ɗinsa, a madadin ruwa, in saurin ya ragu to da hannun furoton a matakin. Amma kar ka cika baki agaban malam, wani lokacin raguwar kaɗan ce ko da tare suke tafiya.

Malami a lise, Injamena:
Ni shawarata kada ka tsallake dalilin gadar, nan malamai ke kama ɗalibi. In molekul biyu na yawo cikin ruwa ba ka san tazararsu ba, gada mai tauri ce ke tsayar da ita. Da irin wannan masana sinadarai Closs da Miller suka nuna a 1984 abinda Markus, mai ƙa'idar tsallakar elektiron, ya hango, wato in ƙarfin turawar yayi yawa sai elektiron ya koma jinkiri, Markus ɗin ya samu Nobel a 1992.

Ɗan Marwa:
Allah ya saka da alheri. Yaya zanen tirozin da histidin ɗin in fara da shi ko in bari sai tsakiya?

Yaya daga Garwa:
Fara da shi, da alli a allo, kibiya biyu kala daban.