Faɗuwar 'yan mata a makarantar kwana: iska ce ko cuta?

Yayar Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri, raina a ɓace yake. Ranar Talata aka kira mu daga makarantar kwanan da autarmu take, nan cikin jihar Gombe, wai mu zo mu ɗauke ta, ta faɗi. Da na isa sai na tarar su bakwai ne, duk 'yan ɗaki ɗaya, an shimfiɗa musu tabarmi a gindin darbejiya. Wata na kuka, wata ta sandare, tamu kuwa sai haki take yi, yatsunta sun ƙanƙame kamar ta damƙi wani abu. Ba wanda ya auna zafin jikinsu, balle a ɗebi jini. "Iska ce, ku tafi da su gida", shi ke nan abin da aka ce mana. Na leƙa ɗakin da idona: tagogi biyu an toshe su da kwali, ga zafin Afrilu, ga janareto a bayan ɗakin, jarrabawa kuma saura mako biyu. Yau kwana biyar, Mama ta sayar da tunkiyarta, kuɗin duk sun tafi a turare da man zaitun da kuɗin mai ruƙiya. Na ce a kai ta asibiti, aka ce in rufe bakina. Wallahi camfi zai kashe mana yara. Da wane dalili makaranta za ta sallami yara bakwai likita bai gan su ba?

Ustazun Bolari: Wa alaikumussalam. Allah ya ba ta lafiya. Amma baiwar Allah ki janye kalmar nan. Camfi? Sura sukutum Allah ya saukar da sunan aljanu, sura ta 72, mai ayoyi 28. Ki duba aya ta 275 a Baƙara, inda aka ambaci wanda shaiɗan yake bugarwa saboda shafa. Wanda ya kira wannan camfi ya taɓa imaninsa.

Yayar Auta: Allah gafarta Malam, ban ce babu aljanu ba. Maganar makaranta nake yi.

Ustazun Bolari: Kin rubuta camfi, yana nan sama kowa ya gani.

Maman 'Yan Biyu: Gaskiya Malam ya faɗa. Yaran yanzu da sun ɗan yi boko sai su raina abin da iyaye suka sani. Ni da idona na ga yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, maza uku sun kasa danne ta, tana magana da muryar tsoho. Wane asibiti ne zai yi wannan?

Malamin Kimiyya: Hajiya, ba raini ba ne. Abin nan ba a Gombe aka fara shi ba, kuma an daɗe ana bincikensa. A 1962, a wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙauyen Kashasha, ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, yara uku suka fara dariya da kuka ba ƙaƙƙautawa. Kafin a ankara 95 cikin ɗalibai 159 sun kamu, sai da aka rufe makarantar. Da aka mai da su gida, abin ya bi su ƙauyukansu. An yi gwaje-gwaje, ba a sami guba ko ƙwayar cuta ba, kuma malamansu ba su kamu ba. Likitoci sun ce damuwa ce da firgici suke fitowa a jiki, su yaɗu ta ido da kunne tsakanin waɗanda suke zaune wuri ɗaya cikin matsi. Yarinyar ba ƙarya take yi ba, da gaske take jin jiki. Shi ya sa abu na farko shi ne a raba su, a daina taruwa a kansu ana ihu.

Ɗan Wunti: To Malam, su likitocin da ba su sami komai ba, ai sun tabbatar da maganarmu ke nan. Aljani yana fitowa a gwajin jini ne?

Nas ta Pantami: Bari in ce wani abu a kan yatsun nan, don na sha ganinsa a wurin aiki. Idan mutum ya firgita yana numfashi da sauri, yana fitar da wata iska da jini yake buƙatar ya riƙe kaɗan daga cikinta. In ta yi ƙasa, sai leɓe da yatsu su fara tsirtsir, hannu ya ƙanƙame, kai ya yi juwa, wani har ya sume. A zaunar da ita, a kwantar mata da hankali, ta ja numfashi a hankali, hannun yakan saki. Amma ƙanwata, janareton nan ya fi damuna. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kawo ciwon kai da jiri da ruɗewa, tana kashe mutane a cikin barci. Ga farfaɗiya, ga zazzaɓin cizon sauro da yake taɓa ƙwaƙwalwa, ga sanƙarau da lokacinsa ne yanzu. Duk sai an duba kafin a ce ga abin da yake damunta.

Maman 'Yan Biyu: Kun ji ko? Ita ma Nas ta ce iska ce.

Nas ta Pantami: Haba Hajiya, iskar numfashi nake nufi.

Maman 'Yan Biyu: Ai Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira su iskoki. Ba a ganinsu, sai dai a ga aikinsu.

Ustazun Bolari: Mu dai ba ma cewa iskoki, wannan maganar 'yan bori ce. Aljanu suke, halittar Allah. Su 'yan bori da girkarsu da garayarsu da yanka wa aljani akuya, su ne masu camfi da shirka. Ruƙiya ta shari'a daban take, Alƙur'ani ne da addu'o'in Annabi (SAW).

Baba Mai Goro: Ustaz, a yi a hankali. Kakata ta wajen uwa ba 'yar bori ba ce, amma da rubutun allo da hayaƙin saiwoyi ta rene mu, mun kuwa rayu. Kafin ku zo da lasifika da ruwan gora, da me ake magani a ƙasar nan?

Ustazun Bolari: Baba, da girmanka, daɗewar abu ba hujja ba ce.

Baba Mai Goro: Sayar da ruwan gora ɗaya kuɗin tunkiya fa, wace hujja ce?

Ustazun Bolari: Wannan laifin mai sayarwa ne. A ko'ina akwai maciya amana, har a asibiti.

Ɗalibin Zaure: Allah gafarta Malam, ina neman ƙarin haske. Na karanta cewa Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa faɗuwa gida biyu, akwai ta miyagun ruhohi, akwai ta lalacewar jiki wadda ya ce ita ce likitoci suke magana a kanta. Ibnu Taimiyya ya tabbatar da shigar aljani jikin mutum, amma Ibnu Hazmin bai yarda aljani yana magana da harshen wanda ya faɗi ba. Tunda malamai sun san akwai kashi na biyu, ta yaya za a san na yarinyar nan wanne ne in ba a gwada ba? Kuma hadisi ne a Buhari, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani.

Ustazun Bolari: Wajen wa ka yi karatu? Ibnu Hazmin ya saɓa wa jumhuru a nan. Ba a ɗaukar ilimi a waya.

Ɗalibin Zaure: Malam, tambaya kawai na yi.

Ɗan Yamaltu: Ku bar littattafai. Duk wanda ya tashi a gefenmu ya ji labarin hasken da ake gani a kan Dutsen Bima. Tsofaffinmu sun faɗa, kuma ba maƙaryata ba ne. Ni kaina dannau ya taɓa kama ni a Dadin Kowa, na farka ina ganin ɗakin sarai, an zaune mini a ƙirji, ko yatsa na kasa motsawa, sai da na samu na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci ya sake ni. Malamin Kimiyya, wannan ma Tanzaniya ce?

Malamin Kimiyya: Na yarda ka ji abin da ka ji, ni ma ya taɓa kama ni. Lokacin da mutum yake mafarki, ƙwaƙwalwa tana kulle gaɓoɓinsa don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan farka kafin a buɗe makullin, sai ka ga ɗaki amma jiki a ɗaure, guntun mafarkin kuma yana nan. Ya fi kama mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine, kuma yakan saki cikin daƙiƙu ko 'yan mintoci. Abin da nake roƙo shi ne a bincika. A 1986 mutum sama da 1,700 suka mutu dare ɗaya a gefen tafkin Nyos a Kamaru, babu rauni a jikin yawancinsu, har da shanunsu. Da aka bincika, iska ce mai nauyi ta taso daga ƙasan tafkin ta shaƙe su. Nan gida a 2010 yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara, ɗaruruwa, sai da aka auna jini aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙa a cikin gidaje. Da an tsaya a kan "iska ce", da yara nawa za a ƙara binnewa?

Ɗan Wunti: Ku mutanen Gombe komai sai kun ce Bima. Ku zo Yankari ku ga Wikki, ruwa yana fitowa da ɗumi daga ƙarƙashin dutse dare da rana, rani da damina, bai taɓa ƙafewa ba. Wa yake hura masa wuta?

Ɗan Yamaltu: Me ya kawo Wikki a maganar aljanu? Ruwan wankan 'yan yawon buɗe ido? Dama tun da aka cire mu daga Bauchi a 1996 ba ku huce ba.

Ɗan Wunti: Mu ne iyayen gidanku, ko kun ƙi ko kun so.

Malamin Kimiyya: Zafin cikin ƙasa ne yake ɗumama Wikki, kusan digiri 31 yake zama.

Ɗan Wunti: Kai komai kana da amsarsa. Allah ya shirye ka.

Malamin Kimiyya: Amin, da mu duka. Sallah nake yi kamar yadda kake yi, kada ka sake yi mini wannan shaguɓen.

Maman 'Yan Biyu: In dai mutum zai fifita maganar Turawa a kan ta malamai, dole a yi masa addu'a.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka. Na bi maganar tun daga farko, ga abin da na fahimta. Kowa ya yarda akwai aljanu, har wadda ta kawo maganar, don haka kalmar camfi kuskure ce, ya kamata ta janye. Ustaz ya kawo aya, kuma ba wanda ya iya ture ta. Misalan Tanzaniya da Kamaru na wasu ƙasashe ne, ba lallai su dace da namu ba. Shaidar Hajiya da ta Ɗan Yamaltu kuwa gani da ido ce. Asibiti ba laifi ba ne ga mai hali, amma a ci gaba da ruƙiya wurin malami mai tsoron Allah. Ɗalibi kuma ya riƙa girmama na gaba da shi. Maganar Bauchi da Gombe a bar ta. Daga yanzu duk wanda ya sake tayar da zancen zan cire shi.

Nas ta Pantami: Ranka ya daɗe, ba ka ambaci janareton ba, kuma Zamfara ba wata ƙasa ba ce. Akwai sauran yara suna kwana a ɗakin nan yau.

Yayar Auta: Na janye kalmar, Allah ya yafe mini. Yanzu ta sake yin hakin, jikinta da zafi, tun safe ba ta ci komai ba. Anti Nas don Allah ki duba saƙona, in na samu na shawo kan Mama gobe da sassafe, wane gwaji zan ce a fara yi mata?