Haɗa maikurokontirola da batir: abin da masu harkar suka ce

Kan yadda ake ba maikurokontirola (ƙaramin guntun kwamfuta da ke sarrafa na'ura) wuta daga batir, shawarar da kusan kowa ya fara bayarwa ita ce a duba takardar bayanan guntun kafin a jona komai. Misali, guntun ATmega328P na ɗaukar volt 1.8 zuwa 5.5, amma guntun ESP32 iyakarsa 3.6, ka wuce nan ka ƙone shi.

Inda aka fi jan kunne shi ne lambar volt da ke jikin batir, domin cikakken batir kan ba da fiye da ita. Sabon AA yakan kai 1.6, ka ga guda huɗu sun haura 6, sun fi ƙarfin ATmega. Uku sun wadatar. Batirin litiyam mai 3.7 kuwa, idan ya cika caji 4.2 yake bayarwa, don haka kada a haɗa shi da ESP32 kai tsaye.

Wasu sun ce a sa diyod (ɗan kayan lantarki da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) ya rage wutar. Ni dai ban gamsu ba, domin ragin da yake yi na raguwa idan guntun ya shiga barci, wato yana jan wuta kaɗan, sai wutar ta sake hawa. Mai daidaita wuta ya fi, amma a kula da zaɓi: samfurin AMS1117 na buƙatar rarar kusan volt ɗaya tsakanin wutar da ke shigarsa da wadda yake fitarwa, shi ya sa bai dace da litiyam guda ba. A nemi mai ƙaramar rara wanda zai jure fizgar wutar da Wi-Fi ke yi.

An kuma tunatar da a sa kafasita (ɗan kayan lantarki mai ajiye wuta kaɗan) kusa da ƙafar wutar guntun, a auna wutar da mita kafin a kunna, sannan kada a bar litiyam ya sauka ƙasa da volt 3.