Hannun jakata ya yi baƙi da maiƙo, da me zan goge shi?

Uwargidan Hindawiyya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata jakar fata, kalarta kamar shayi da madara. Yayata ce ta kawo min ita daga Kano shekara 4 da suka wuce, lokacin da ta zo Umra. Aikin dukawa ce, ba ta kamfani ba. Jikinta lafiya lau, amma hannayen nan biyu sun yi baƙi ƙirin daga tsakiya, daidai inda nake riƙewa, har suna danƙo. Ranar Juma'a na je walima da abaya mai haske, na rataya jakar a gwiwar hannu, ina dawowa sai ga zanen dauɗa a hannun rigar. Kunya kamar in nutse.

Na san laifina ne. Ba na fita sai na murza humra a tafin hannu, ga man shafawa, ga gumin Jidda da kun san shi, daga ƙofar gida zuwa mota ma hannu ya jiƙe. Na goge da tishun jarirai, tishun ya yi baƙi, hannun jakar bai sauya ba, sai ma wani gefen ya yi fari-fari ya bushe. Maƙwabciyata ta ce in shafa man zaitun, zuciyata dai ba ta kwanta da shi ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

'Yar Shara Mansur:

Wa alaikumus salam Anti. Man zaitun kuma? Mai ne ya ɓata ta, sai a ƙara mata mai? Je ki baƙala, wato kantin kayan masarufi, ki ce a ba ki nasha, garin sitacin masara ne da ake kaɗa miya da shi. Ki barbaɗa a hannun sosai har ya rufe, ki naɗe da tsumma, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki ga garin ya dunƙule ya sauya kala, maiƙon ne ya sha. Ki kakkaɓe da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Ni sai da na yi sau 3. Hodar jarirai ma tana yi.

Tsohon Baduku, Madina:

'Yata, kafin ki sa komai, ki fara sanin irin fatar. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a ƙasan jakar, inda ido ba ya gani. In ya tsaya kamar ƙwallo, an rufe fatar da fenti, dauɗar a sama take, sabulu kaɗan ya isa. In fatar ta shanye shi wurin ya yi duhu, to buɗaɗɗiyar fata ce, kuma ina zaton irinta ce a hannunki. Majemanmu da bagaruwa suke jima, wadda 'yan Sudan ke kira garad. Fatar da aka jeme haka tana shan duk abin da ya taɓa ta, kuma ko ba a taɓa ta ba rana kaɗai tana sa ta duhu. Ko jakar Louis Vuitton da ake saye da dubban riyal, hannunta fatar saniya ce marar fenti, haka take yi.

Baƙin nan hawa biyu ne. Na sama, mai danƙon, gumi ne da ƙura da mai suka haɗu suka zauna, shi zai fita. Na ƙasa kuwa man da ya riga ya ratsa cikin fata ne. Garin da 'Yar Shara Mansur ta faɗa zai janyo wani abu daga ciki, amma duk wanda ya ce miki zai koma yadda aka kawo shi, ciniki yake nema.

Bayan garin, ki nemi sabulun fata, irin wanda ake wanke sirdi da shi. Ki jiƙa farin tsumma ki matse shi har ya kusa bushewa, ki taɓa sabulun, ki riƙa gogawa a hankali. Kumfa ake so, ba ruwa ba. Kuma ki bi hannun gaba ɗaya daga zobe zuwa zobe, kada ki tsaya a wurin baƙin kaɗai, in ba haka ba zai bushe da shata. Ki bi da wani tsumman mai tsabta, ki rataye ta a ɗaki ta sha iska kwana ɗaya. Ban da rana, ban da na'urar busar da gashi, kada kuma ki ajiye ta a bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. In ta bushe, ki lakato man gyaran fata marar launi, kamar ƙwayar wake, ki shafa, musamman wurin da tishun ya busar.

Maman 'Yan Biyu, Riyad:

Baba ya gama magana. Ni gargaɗi kawai zan ƙara. A 2020, lokacin korona, duk inda na shiga sai na fesa sanitaiza in ɗauki jakata hannu a jiƙe. Wata biyu fentin hannun ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Duk abin da ke da sinadarin alkohol, har turaren fesawa, ki nisanta shi. Clorox kuwa, ruwan bilicin nan, kada ma ki yi tunaninsa.

Uwargidan Hindawiyya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi gwajin, ruwan ko minti ɗaya bai yi ba ya shige. Na yi garin dare biyu. Na farko da na kwance tsumman garin ya koma ruwan ƙasa, har ƙamshin humrata na tashi a jikinsa, na biyu kaɗan ya sauya. Sabulun na samu a wajen wani mai gyaran takalma a Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Danƙon ya tafi gaba ɗaya, na goga farin mayafi bai kama komai ba. Launin kuwa ya tashi daga baƙi ya koma kamar dabino, ya dai fi jikin jakar duhu. Na yanka wani tsohon gyale siriri na nannaɗe hannayen da shi, in ya yi dauɗa in kwance in wanke. Saura zoben ƙarfen, ya fara yin kore a inda ya haɗu da fatar. Shi kuma fa, Baba?