Asabar ɗin Yaron Shago a Kwari

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga Asabar ɗina a ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Mai amsa ya amsa da baiti.

Asabar ga wasu hutu ce da barci,
Ni tawa babbar ranar kasuwa.

Na yi asuba, na sha koko da ƙosai,
Na fito titi neman abin hawa.

Adaidaita daga Kurna zuwa Kwari,
Mu uku a baya, ba wajen motsawa.

In ta ƙarshen wata ce, ranar shara,
Sai goma ta buga ake fitowa.

Maigida ya miƙo mukullin shago,
Na kakkaɓe atamfa ina jerawa.

Baƙin Maraɗi sun zo, ga na Damagaram,
Dila-dila suke ta ɗaurewa.

Masu haɗa lefe sun cika layi,
Leshi da shadda suke ta zaɓawa.

Hannuna na ninke kayan amaren wasu,
Zuciya na Fagge wajen budurwa.

Bayan isha na kafa zanna-bukar,
Tsire da gurasa nake riƙewa.

Na aiki ƙaninta, "Wai ana sallama,"
Ƙamshin turare ya riga ta fitowa.

Tabarma guda, tana can gefe,
Hira kaɗan, sai yawan sunkuyawa.

Da Baba ya yi gyaran murya a ciki,
Na jawo takalmi ina sawa.

'Yar Gwammaja:
Yaya, ka faɗi taka mun ji daɗi,
Bari in ba ka Asabar ta budurwa.

Tun assalatu take a tsaye,
Shara, wanke-wanke, ɗibar ruwa.

Da hantsi tana Islamiyya,
Haddar mako Malam ke karɓawa.

Azahar ta sauke tukunyar gida,
La'asar tana yinin bikin ƙawa.

Anko kan anko ta ɗinka bana,
Kowa na cewa, "Naki yaushe kuwa?"

Gwaggo ta yi magana, Inna ta yi shiru,
Shirun nan ya fi faɗan ƙonawa.

Sunkuyawar da ka gani a zaure,
Ba kunya kaɗai ba ce, da damuwa.

Tsire da gurasa an gode, Yaya,
Yaushe magabata za su zo gaisuwa?

Sai Masu Gida:
Ƙanwata, ki yi mana adalci,
Ba ƙin aure ke sa mu daɗewa.

Yaron shago ba shi da albashi,
Sai abin da maigida ke miƙowa.

Ga na-gani-ina-so, ga saitin akwati,
Ga kuɗin gaisuwar uba da uwa.

Ciki da falo, hayar shekara,
Mai gidan ba ya karɓar rarrabawa.

Rabon Pillars da kofin lig tun 2014,
Ƙofar Mata ba mu fasa zuwa.

Haka mai so, ko tafiya ta yi nisa,
Ranar zance ba ya makarewa.

Gwaggon Dala:
'Ya'yana, na karanta duka. Ku ba ni wuri, na aurar na kuma karɓi surukai.

Ɗana mai ƙwallo, ka lissafa naku,
Ka manta nauyin da ke kan uwa.

Gado, katifa, kujeru, labule,
Kwanuka jere, ga gara na biyowa.

Tun 'yar na firamare ake tari,
Da adashi, da akuya a sayarwa.

Sadaki a wajenmu Malikawa,
Rubu'in dinari ne farawa.

Lefe al'ada ce, ba farilla ba,
Gidan mutunci na yarda da ragewa.

Amma ba a rage wa wanda bai zo ba,
Sai manya sun zauna da tattaunawa.

Yarinya ta kori wasu dominka,
Shekarunta ba sa tsayawa.

Ɗan Kurna, kai da ke cikin atamfa,
Farashin sari kake samowa.

Ka tura Kawu da goro da alawa,
A sa rana ko da da 'yar tazarawa.

Ɗan Kurna:
Gwaggo, na durƙusa, na ji magana,
Allah ya ƙara girma da daɗewa.

Akwai akwati a ƙarƙashin gadona,
Turmi-turmi nake ta sakawa.

Duk wanda na ga zai yi mata kyau,
Shi nake cirewa ina biyawa.

Adashin layinmu ya kusa kaina,
Kwasata na nan wata mai kamawa.

Gobe Lahadi ba na buɗe shago,
Gidan Kawu zan yi sammakon zuwa.

Maigida ma zan same shi Litinin,
Shi ya riƙe ni tun tasowa.

'Yar Gwammaja:
Madalla, Yaya! To ka kira ta yanzu,
Kar ka bari sai mako mai zuwa.

Ta shaida wa Inna tun da dare,
Inna ta san yadda za ta gaya wa Baba kuwa.

In an sa rana a sanar da mu nan,
Alkakin biki ni ce mai kawowa.